Ƙwayar Ƙarfen Da Na Ɓoye A Aljihu

Iyayena da ƴan'uwana, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Salamarsa ta zauna bisa kowa da ke cikin ɗakin nan.

Sunana Ayuba, mai walda ne ni a Dumega. Masu amalanken jaki sun san shagona. Kun ga ina ɗingishi da na taso zuwa nan gaba. Labarin ƙafar nan zan ba ku, kuma ba zan rage komi ba, har wurin da ke ba ni kunya.

Bara waccan, bayan an gama yankan hatsi, masu gyaran hanya suna aiki kusa da garinmu. Wata safiya ina dawowa daga gona bisa babur, sai na hangi wani akwati ruwan ɗorawa cikin sabara, a gefen hanya. Daga motarsu ya faɗo, ban yi shakka ba. A jikinsa akwai rubutun faransanci da wata alama mai kama da fanka mai kunne uku. Na iya karatu, amma ban tsaya karantawa ba. Na waiga, ba kowa. Na ɗaure shi bayan babur, na rufe da buhu.

Ni da nake cikin mawaƙan majami'a, ranar nan na yi sata. Ba ni da wani suna da zan ba abin.

Na sha jin ana faɗi a kasuwa cewa injinan Turawa irin waɗannan akwai wani abu a cikinsu da ya fi zinariya daraja. Da wannan kwaɗayi na rufe ƙofar shago na buɗe akwatin. Na'ura ce mai doguwar sandar ƙarfe. Daga baya anka faɗa mini da ita ake gwada ko ƙasar hanya ta danne. Na yanke bakin sandar, sai ga wata ƴar ƙwayar ƙarfe mai ƙyalli, ba ta fi ƙwayar wake ba. Na ce to, ga dukiyar. Na kama ta da filaya na ɗora mata injin yankan ƙarfe don in ga cikinta. Ƙura ta tashi kaɗan, ta shiga mini hanci. Ba wari, ba zafi, ba hayaƙi. Ana haka matata Saratu ta kawo mini ƙosai da fura, na ci ban wanke hannu ba.

Na naɗe ƙwayar a takarda na sa a aljihun dama. Kwana huɗu tana jikina. Sannan na tura ta cikin gwangwani na ɓoye ƙarƙashin teburin aiki.

Bayan kamar sati biyu, cinyata ta yi ja daidai wurin aljihun. Ta yi ƙuna irin ta ruwan zafi, alhali wuta ba ta taɓa ni ba. Yatsuna biyu ma sunka ɗuri ruwa. A gidan likita na garinmu anka wanke anka ɗaure, amma gyambon sai zurfi yake ƙarawa.

Gwaggona ta zo daga Lugu ta duba, ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, na taka wurin aljana doguwa. Ƴan'uwa, na bi ta. Na ce wa Saratu za ni sayen ƙarfe Dogon Dutsi, na tafi Lugu wurin masu bori da jan zakara a hannu. An yi mini turare, an ba ni saiwa in shafa. Na dawo Lahadi na tsaya cikin mawaƙa da laya ɗaure a ƙuguna. Gyambon bai ko motsa ba.

Maƙwabcin shagona wani matashi ne mai sayar da wayoyi, Sanusi, Musulmi mai riƙo da addini sosai. Mun sha gardama ni da shi a kan imani, amma ba mu taɓa ɓatawa ba. Ran nan da hantsi ya shigo ya miƙo mini wayarsa. Hoton akwatin ne, da sanarwa cewa ya ɓace, duk wanda ya gan shi kada ya taɓa, akwai abin da ke kisa a ciki. Na ce ban taɓa ganinsa ba. Ya dubi ƙafata, ya dubi buhun da ke kusurwa.

Ya ce, “Ayuba, na ga ranar da ka shigo da shi. Ka ji tsoron Allah. Matarka na goyo.”

Ɗiyarmu Rahila watanta bakwai a lokacin. Kullum in na dawo daga shago, bisa wannan cinyar nake ɗora ta.

Sanusi ne ya ɗauke ni a babur ya kai ni wurin fasto. Na faɗi komi, akwatin da zakaran da layar. Fasto bai yi mini faɗa ba. Ya tashi ya sa takalmi, munka tafi wurin jandarmomi, jami'an tsaro, mu uku.

Washegari motoci sunka zo daga Yamai. Mutane sunka fito sanye da fararen riguna tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe. Sun zagaye shagona da igiya. Ɗaya yana riƙe da wata ƴar na'ura mai ƙara, tana ƙas-ƙas a hankali kamar ana soya gyaɗa. Da ya nufi teburina, ƙarar ta haɗe ta zama kuka guda. Mutanen gari da ke kallo sunka watse da gudu.

Sai anka juyo da na'urar kaina. Ta yi kuka. Anka tuɓe mini tufafi anka zuba a leda, anka aske mini kai, anka yanke farce, na yi wanka da sabulu har sau uku. Anka sake kawo ta daidai ƙirjina. Ba ta daina ba.

Na tambayi likitar da ke tare da su, wata mace mai sanyin magana, ko in sake wankan. Ta girgiza kai.

Ta ce, “Malam Ayuba, na bisa fata ya fita. Wannan da kake ji, daga cikin jikinka yake fitowa.”

Wayyo Allah! Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ni mutum ne da na san wuta, ita ce sana'ata. Amma wutar da ke cikin naman mutum, ba a ganinta, ba a jin zafinta, ruwa ba ya kashe ta, ban taɓa jin labarinta ba.

Sannan sunka ce a kawo iyalina.

Na hangi Saratu tana tahowa da Rahila a baya, ba ta san ma abin da ke faruwa ba. An hana ni matsawa kusa da su. Nan gindin itacen bedi, gaban jama'a, da zane ɗaya a jikina, na durƙusa. Ban iya addu'a mai tsari ba ranar. Abin da na ce kawai shi ne, “Yesu, ni na ɗauko, ni na yanka, ni na yi ƙarya. Yarinyar nan ba ta san komi ba. In akwai biya, ga ni.” Ina ta maimaitawa ina kuka. Fasto ya durƙusa daga bayan igiya yana tayawa.

Anka bi jikin Rahila da na'urar, daga kai zuwa tafin ƙafa, anka sake. Ƙas, sai can kuma ƙas, kamar yadda take yi a fili. Likitar ta ɗago ta ce da alama yarinya ta tsira, za su tabbatar a Yamai. Sun kuwa tabbatar. Saratu an sami kaɗan a jikinta, daga wankin wandona. Anka ce ta dakatar da ba da nono nan take, don abin yana bi ta nono.

A asibitin Yamai anka ba ni ɗaki ni kaɗai. Likitar ta zauna ta yi mini bayani da Hausa. Ta ce sunan abin siziyom. Jiki ba ya gane shi guba ne, yana ɗaukarsa kamar wani gishiri mai amfani da muke samu a wake da ayaba, sai jini ya raba shi cikin tsoka ko'ina. Yana zaune can yana harbin naman da ke kewaye da shi dare da rana. Wani yana fita ta fitsari a hankali. Wani yana sauka cikin hanji, amma hanjin ya sake tsotse shi ya mayar cikin jini, haka yake ta kewayawa wata da watanni. Ta ce akwai wani shuɗin magani da ke tare shi a hanji ya riƙe shi, su fita tare ta bayan gida. Sai dai babu maganin a hannunsu, daga waje za a aiko shi.

Kwanakin jiran nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Na kwance layar da hannuna na ba mai shara. Ina kwance ina tunanin kowace sa'a abin yana cina. Ƴan majami'ar nan kun yi azumi saboda ni, an faɗa mini. Maganin ya iso.

Kullum sau uku nake haɗiyarsa. Ku gafarce ni da wannan magana a ɗakin Ubangiji, amma ranar da na ga bayan gidana ya fito shuɗi kamar an rina shi a marina, na firgita na kira ma'aikaciya. Ta yi dariya ta ce alama ce yana aiki. Fitsarina ma ba a zubarwa, a jarka ake tarawa a kai awo. Duk sati sai a kwantar da ni a gwada, likitar ta ce ya ragu. Wani satin ta ce ya ƙara raguwa.

Cinyar kuwa sai da anka yanke naman da ya mutu, anka ɗebo fata daga ɗaya ƙafar anka liƙa. Shagona an kankare ƙasarsa an zuba a durom, an tafi da teburin da kayan aikina duka. Hukuma ta yi mini tambayoyi, na amsa laifina, anka yi mini sassauci don na kai kaina.

Ba zan ce maku komi ya wuce ba. Likitar ta faɗa mini gaskiya, za a riƙa duba jinina shekara da shekaru, don irin wannan abu yana iya barin ciwo a baya. Na karɓa. Amma ba na kwana da tsoro.

Ranar da anka sallame ni, na tambaye ta ko zan iya ɗaukar ɗiyata. Ta ce in ɗauke ta yadda nake so. Na iso Dumega na tarar Rahila ta fara tsayawa da kanta. Ta dube ni ta ɓuya bayan uwarta, ta manta da ni. Sai da na kwana uku ina lallashi kafin ta yarda ta hau hannuna. Da ta kwantar da kai a ƙirjina, na rungume ta ina yi wa Ubangiji godiya.

Ƴan'uwa, in kun tsinci ƙarfe mai wannan alama, kada ku taɓa, ku nisanta ku kira hukuma. In kuma akwai abin da kuke ɓoyewa, ku fito da shi yau, tun bai kai ga ƴaƴanku ba. Na gode wa likitocin nan, na gode wa Sanusi da ya faɗa mini gaskiya ido da ido, na gode wa Saratu da ta yafe mini. Fiye da kowa na gode wa Yesu, wanda ya ji kukan ɓarawo a gindin bedi bai juya baya ba. Ku dogara gare shi. Ni na gwada wata hanya, na dawo da gyambona.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.