Tukunyar Rana da Tuwon Bayan Danga

Da sunan Allah Mai rahama. Mai girma komandan mai mulkin yankinmu, shugaban wannan taro, malaman jami'a, namu na Yamai da baƙinmu na ƙasar Turai, wakilan kamfani, Maigari, dattawa da iyayenmu mata na karkarar Bangi, assalamu alaikum.

Ni Kalla, shugaban ƙungiyar manoma, ina godiya. Jami'a ta yi tunani, kamfani ya ƙera, gwamnati ta ɗauko a mota, shekara biyu ke nan kunka kawo muna tukunyar rana, wannan babban madubi mai dafa abinci ba da itace ba. Yau kun zo a sa hannu a ƙaro muna ɗari biyu. An ba ni takardar yabo in karanta. Ga ta cikin aljihu, can za ta zauna.

Na farko, sau ukku kunka zo kuna tambaya, "Tana aiki?" Sau ukku munka ce, "Madalla!" Ya ku malamai, mu nan Adar ba mu kushe kyautar baƙo. Ko jaki maras ƙafa kunka kawo, cewa za mu yi bai da yawo.

Na biyu, tuwon da kunka ci bara, har malamin Turai ya ƙara, ya rubuta a littafi cewa yana da ɗanɗanon rana, bayan danga anka tuƙa shi da karan dawa. Da munka ji ƙugin motarku, sai munka ɗora tukunyar gaban madubi. Ni na ɗauko ta da hannuna, Allah ya yafe mini.

Na ukku, madubin yana aiki da tsakar rana, lokacin da mata ke gona. Mu kuwa da almuru muke cin tuwo, lokacin da rana ta tahi gida. Kuma ranar ɗaya ga azumi kunka kawo shi. Abu guda ya taɓa dafawa sarai, shi ne bayan rigar maƙwabcina Isufu, da ya tsaya gabansa gyara rawani.

Me ya sa na tona yau? Shekaranjiya mai ɗakina Tabawa, wadda ke tafiyar rabin yini neman itace, ta ce mini, "Malam, ka yi ƙarya ka huta, mu muna ta ɗaukar itace. In ka sake cewa madalla, kai za ka tsaya cikin rana ka tuƙa." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Wallahi kunya ta kama ni, don gaskiya gare ta: ladabinmu ya sa kun koma da labarin banza, itace kuma kullum ƙara nisa yake.

Saboda haka muna roƙo, kada ku janye hannu. Ku haɗa kai kamar da, jami'a da kamfani da gwamnati, amma ku ajiye kujera ta huɗu. Tabawa da ƙawarta Biba sun san abin da suke so: murhu mai cin itace kaɗan, wanda ba ya gudu in ana tuƙi. Ku tambaye su, su ba su iya madalla ba.

Game da abincinku na yau, mata sun rantse ba sauran bayan danga. Tun hantsi yana gaban madubi, kuma kuna ganin hadarin da ya taso.

Allah ya ba mu damina mai albarka, Allah ya ƙara danƙon zumunci, Allah ya maida kowa gida lafiya, Allah ya ba baƙinmu haƙurin yunwa. Na gode.