Mai Taka Birki

A shagon kayan gyaran mota, wani dattijo da baƙin mai a hannunsa yana jiran a miƙo masa man birki. Wani direban tasi na tsaye kusa da shi.

"Baba, bakanike ne kai?"

"Ina! Tela ne ni. Tsohuwar motata nake gyara wa birki a tsakar gida. Na canza takalman birkin, saura fitar da iska daga bututun mai."

"Kai kaɗai? Ai sai da mai taka maka birki."

"Ina da mai takawa. Uwar yarana."

"Haba Baba! Ka sa Mama aikin gareji?"

"Har tsawa take mini. Ina ƙarƙashin mota tana cewa, 'Malam, na taka, buɗe bututun mana!' Ka ga, bara ƙafarta ta dama ta shanye. Likita ya ce ta riƙa motsa ta, ta ce ita ta wuce wasan yara. Amma da na ce birkin nan zai kashe ni in ba ta taimaka ba, sai ga ta a kujerar direba."

"To, ƙafar na takawa kuwa?"

"Da farko da hannu take danna gwiwar. Jiya kuwa ta taka sai da mai ya feso mini a gemu! Muka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo."

"Kai, madalla! Amma iskar nan ta yi taurin kai. Kawo motar in duba maka."

"Rufa mini asiri, ɗana. Birki ya kama tun watan jiya. Ita ce ban gaya wa ba."