Yadda “Kowa Lafiya” Ta Kwantar da 'Yan Kumbo

Mai girma shugaban taro, shugabar hukumar da ta harba kumbo zuwa sararin samaniya, kyaftin da mutanensa da suka dawo mana da ƙafafunsu, likitoci da injiniyoyi, iyaye 'yan uwana da muka yi zaman jira tare, da sauran jama'ar da suka cika wannan fili, assalamu alaikum.

Ina godiya ga iyayen da suka zaɓe ni in yi magana a madadinsu. Na san ba ilimi suka duba ba, domin ni tun ina firamare na yi wa makaranta sallama, ita ma ba ta riƙe ni ba. Walda nake yi. Sun dai lura bakina ba ya gajiya, kuma ni ne uban Likitar kumbo, ga ta can tana rufe fuska tun ban ce komai ba.

Magana ta farko, ciwon. Kumbo ya yi nisan da saƙo ke yin makonni a hanya, sai aka kira mu ofis aka ce yaranmu ba lafiya. Ba zazzaɓi, ba tari, ba ƙurji. An auna jini, an auna iska, an auna ruwan sha, komai ƙalau. Amma mutum sai ya ajiye cokali, ya juya fuska ga bango, ya kwanta. Matuƙi ya kwanta, mai lissafin hanya ta kwanta, kyaftin ma sai an ɗaga shi. Aka gaya mana ƙarara: in babu wanda ya tashi ya juya kumbo a kan lokaci, ba za su dawo ba.

Magana ta biyu, dalili. Kafin tafiya mu iyalai mun yi taro mun yanke shawara, kada kowa ya aika labarin da zai tayar musu da hankali. Ranar aika saƙo sai mu ci ado, mu shiga ɗan ɗakin nan mai kyamara, mu washe baki mu ce kowa lafiya. Ni da uwarta sai mu yi faɗa a mota, mu shiga mu zauna kafaɗa da kafaɗa kamar ango da amarya.

Likita, da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta daina tambayar me ya kwantar da mutane, ta koma tambayar wa ya ƙi kwanciya. Mutum guda ne, Dogo makanike, yana cin rabonsa yana haɗawa da na wasu. Ta roƙe shi ya kunna mata saƙonnin gidansu. Ashe matarsa ta zo taronmu, ta gyaɗa kai, ta fita ta yi abin da ta ga dama, duk abin da ya faru a gida sai ta faɗa masa. Famfo ya fashe, ƙaninsa ya ari babur ya ƙi dawowa da shi, autarsu ta ciji malama. Dogo yana saurare yana masifa, yana rantsuwa bari dai ya dawo.

Sai ga saƙon Likita, murya can ƙasa: “Baba, tunda na tafi ko tukunya ba a ƙona ba a gidan nan? To in kuna lafiya haka ba ni, me zan dawo in yi muku?”

Magana ta uku, magani. Muka ce kowa ya je ɗakin kyamara ya faɗi gaskiyar gidansa. Jama'a, ban taɓa ganin layi irin na ranar ba. Uwar matuƙi ta kai ƙarar surukarta. Mijin mai lissafi ya amsa cewa yara sun fi ƙarfinsa, ya ɗaga rigar makarantar da ya ƙona da dutsen guga. Matar kyaftin ta shiga ɗakin nan ta ƙi fitowa, sai da aka ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Ni nawa labarin ba na dariya ba ne. Mahaifiyata, wadda ta goya Likita a bayanta, ta rasu bayan tafiyarsu, kuma duk saƙo cewa nake tana gaishe ta. Na zauna gaban kyamara, ba ado, ba murmushi, na faɗa mata. Na fito ina cewa a raina, shi ke nan, na ƙarasa yarinyar.

Makonni muka yi muna jira. Da amsa ta zo, ga ta zaune, idanu sun kumbura, amma da kwano a hannu, tana ci tana kuka. Ta ce, “To yanzu da kakata ta tafi, wa ke tsare ka ka sha maganin hawan jini? Na san Inna ba ta iyawa da kai.” A bayanta kuwa ga kyaftin a tsaye, yana faɗa da matuƙi a kan kujera. Wallahi ban taɓa jin faɗa mai daɗi irin wannan ba. Suka juya kumbo, ga su nan a gabanku.

Matar Dogo, miƙe jama'a su gan ki. Ku tafa mata, ku tafa wa Likita, ku tafa wa waɗanda suka tashi daga kwance domin an ce ana bukatarsu a gida.

Likita, saura labari guda: ɗakinki na cika shi da rodi. Sai ki zo mu yi rigimar a gida.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu ba su ga wannan rana ba. Allah Ya ƙara wa matafiyanmu lafiya, Ya bar mu da masu yi mana ƙorafi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.