Ƙaraun Bida a Cikin Ruwan Zafi

Kekena na sayar na yi kuɗin mota, kuma har yau in na tuna wanda ya saye shi sai raina ya ɓaci, don ya taya shi kamar yana taya mushe. To, ya zan yi? A kakar waccan shekarar ɗaya daga cikin shanun huɗarmu ya mutu, babana kuwa, kakanku ke nan, ya ce in damina ta faɗi ba a samu na biyu ba, zai sayar da wanda ya rage haɗe da garmar, mu koma fartanya. Ku da kuka tashi kuka tarar da tarakta ba za ku gane ba. A garinmu, gidan da ya sayar da garma ya yi ƙasa ke nan. Shi ya sa na hau motar Jos, lokacin sojoji na ta shirin miƙa mulki ga farar hula.

Na samu ɗaki a Anguwan Rukuba, gidan wata Inyamura, Madam Ngozi. Sauran 'yan haya lanledi suke ce mata, ni kuwa bakina ya ƙi ɗauka, sai na tsaya a Madam. Hausarta ba mace a ciki, 'yarta ma "ya tafi makaranta" ne. Kullum sai mun yi a kan gawayi, don sanyin Jos ba ya barin mutum ya taɓa ruwa sai ya ɗumama shi.

"Sani, wane ne ya taɓa gawayina?"

"Madam, ɗan kaɗan na ɗiba."

"Kaɗan jiya, kaɗan yau. Gidan babanka ne?"

Aiki kuwa, bayan na sha dako har wuyana ya ƙage, sai wani tsoho Banufe, Baba Ndagi, ya ɗauke ni tsaron rumfarsa a kasuwa. Ƙarau yake sayarwa, wato awarwaron gilashi da ake yi da hannu a Bida. Shi ya koya mini sana'ar. Ya ce can kwalabe masu launi ake narkawa a wuta, a naɗe a jikin sandar ƙarfe, shi ya sa launin yana cikin gilashin ne, ba a bayansa ba. In ka ɗaga shi a rana za ka ga 'yan ƙwayoyin iska a ciki, in ka shafa ba za ka ji layin haɗi ba, kuma duk duniya ba biyu da suka yi daidai. Na inji kuwa in ka jera su, zama suke yi cif kamar faranti a kan faranti.

Da ya ga na kama, sai ya tafi Bida ganin gida, ya bar mini kayan duka, ya ce rabin ribar abin da na sayar nawa ne. Na kwana ina mafarkin san huɗar da zan saya.

Bai daɗe da tafiya ba wani Garba ya kafa tebur dab da ni, da kwalaye daga Legas. Ƙarau ne sumul, sai sheƙi, ga araha, yana ta ihun "Orijina Bida!" Orijinar ƙaniyarsa. Mata kuwa suka yi masa caa. In mace ta ɗauki nawa sai ta ce wannan ai a karkace yake, wancan ya fi wannan kauri, ta ajiye ta wuce wurinsa. Abin da ya sa nawa ya zama na gaske, shi ya hana shi fita. Zafi ya fara, hadari ya fara leƙowa, ni ko kuɗin akuya ban tara ba. Gaskiya na tsorata. Garba har ya zo yana lallashina, wai in karɓi kwali ɗaya in gauraya, Baba ba zai sani ba. Na ce ya kwashe tsiyarsa daga gabana.

Sai ga Madam ta dawo gida hannu cike da ƙaraun Garba, ta saya wa matan cocinsu, za su yi anko ranar Ista. Na ce mata jabu ne, farin gilashi ne aka shafa wa fenti. Ta ce baƙin ciki ne irin na 'yan kasuwa. Na shige ɗakina.

Ran Asabar da safe ta zauna wanke farin leshinta da ruwan zafi, ƙaraun na hannunta. Ina ɗaki na ji salati irin nasu. Na fito na tarar da ruwan daro ya koma ja da shuɗi, leshin ya yi dabbare-dabbare, ƙaraun kuwa sun zama farare fes kamar gindin kwalba. Ta dube ni, ta ce, "Naka ma haka zai yi?"

Na ce, "Madam, zo mu je ki dafa shi in kina so."

Haka ta ɗauki daronta a ka, da leshin, muka nufi kasuwa. Ta sayi tafasasshen ruwa wurin mai shayi, ta dire daron tsakanin teburina da na Garba, ta kira mata da Hausa da Turancin buroka da yarensu. Ta jefa nasa, ta jefa nawa. Kafin ka ce me, nasa ya fara saɓa kamar fatar maciji. Nawa kuwa ta tsamo shi ta goga da zani, yana nan yadda yake, sai ma ƙara kyau da ya yi. Garba ya fara cewa ai kamfani ne ya cuce shi, amma ba mai sauraro. Kafin azahar ya naɗe teburinsa, aka ce Bukuru ya koma.

Daga ranar na ajiye daro a gaban rumfa. Duk wadda ta zo, sai in ce ta tsoma da hannunta kafin mu yi ciniki. Matan cocin Madam suka fara, sannan matan Hausawa, har matan Turawan da ke aiki a garin Vom suka riƙa zuwa da mota, suna ɗaga shi a rana suna neman wanda ya fi karkata. Wanda da ake ajiyewa, shi ake rububi. Da Baba Ndagi ya dawo ya tarar da rumfa wayam, sai da ya zauna ya cire hula, ya yi ta dariya har da hawaye. Ya ƙirga mini rabona cif, bai tauye ko kwabo ba. Madam kuwa ranar da zan tafi ta ce in na dawo baɗi in zo da gawayina.

Na sauka gida ana saura kaɗan ruwa ya faɗi. Ban shiga gari ba sai da na biya kara, kasuwar shanu, na ja wani jan sa mai faɗin ƙirji. Kakanku na zaune a ƙofar gida. Ya tashi a hankali, ya zagaya san, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya dafa tozonsa. Sannan ya juya wurin ƙanena ya ce, "Je ka gaya wa Ilu da ke zaryar taya garmata, ya nemi wata."