Jar Mota a Wajen Masu Leda

A wata rumfar masu yi wa motoci kwalliya a Herwagana, ana manna wa goshin wata jar mota leda mai kamar gilashi, irin motocin nan masu ƙofa biyu da suke kwanciya a ƙasa. Mai motar, Ikhlas, tana kan benci, sai ga wani dattijo, Alhaji Bamanga, ya sauka daga Keke Napep ya tsaya yana hararar motar.

"'Yata, taki ce? An sauya mata ƙafafu, an baƙanta fitilu, yanzu kuma leda?"

"Saboda tsakuwa ne, Baba. Kullum da ita nake zuwa aiki, duk sun fara cin fentin."

"Kullum! Irin wannan ai ba a hawanta kullum. Wulaƙanci ne."

"Ashe Baba ya san mota."

"Ina da irinta sak, har launin. Tana gida a lulluɓe da tamfol, ko ƙwarzane babu."

"Ma sha Allah. To ya ka zo a Keke?"

"Titinmu na Bagadaza mai ramukan nan zan hau da ita? Gara ta zauna."

"Yaushe rabonka da jin kukan injinta?"

Alhaji ya shafa ledar da yatsa.

"Ɓeraye sun cinye wayoyin," ya ce can ƙasa-ƙasa. "'Yata, in an gama, ta ina za ki bi?"

"Ta unguwar Madaki."

"Ni ma can na nufa, sai ki rage min hanya. Amma don Allah kar ki lallaɓa ta. Ki taka ta sosai in ji."