Furar Irin Malam Jibrilla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Wakilin Sarkin Gobir, Allah shi ja zamaninka. Liman da malamanmu na Isa da Bafarawa da Alkalawa, Allah shi gafarta maku. Ardo da jama'arka, barkanku da zuwa. Inna Saude, uwar gidanga, da kai Ɗanmusa, babban ɗan mamaci, sannunku da haƙuri.

Ni ne Labbo na Tozai. An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa ina gardama da Malam Jibrilla. Shi Bagobiri, ni Bafillace. In na kayar da shi ga mas'ala sai ya ce, "Kai dai Labbo, shanu sunka koya maka taurin kai."

Ya kasance mai riƙon zaman kaka. Yaran yanzu ba su san shi ba sosai, bari in faɗa masu. Iyayenmu sun ce tun Alkalawa na birni, malaman ƙasarga kan taru bayan girbi, kowa da damen gero guda da tambaya guda. Damen a ci, tambayar a yi ta tattaunawa. Nan kakanninmu sunka yi ta muhawara kan jangalin zalunci, da tauye mudu ga kasuwa, da barin mata cikin jahilci. Birni ya rushe, zaman bai rushe ba. Ya bi gida-gida har ya sauka ga zauren nan na Sabon Birni.

Ya kasance ba ya raina mai tambaya. Ya kasance in manomi da makiyayi sunka yi rikici kan rijiya, shi ka zaunar da su tabarma guda.

Sai farin ga ya zo. Gulbi ya zama rairayi, shanunmu sunka riƙa faɗuwa a tsaye. An rufe iyaka, 'yan'uwanmu malaman Tsibiri da Madawa ba su da hanyar zuwa, mu ba mu da hanyar zuwa. Kudu sai mai kuɗin mota. Wallahi mun ji kamar an kifa mana ƙwarya.

Bara munka zo zaman hannu wofi, babu mai dame ko guda. Kunya ta hana mu haɗa ido. Amma ga fura ta fito, mai kauri, kullum har munka watse, kuma duk makiyayin da ya biyo ta ƙofar sai an miƙa mashi. Ba wanda ya tambayi inda ta fito. Yunwa ta hana.

Ranar ƙarshe Malam ya kawo tashi tambaya. Ya ce, "Mutum na da baƙi masu yunwa, ba shi da komai sai irin da zai shuka. Ya ciyar da su ko ya ɓoye?"

Munka buɗe littattafai, munka kawo hujja kan hujja. Munka yanke cewa bai halatta ba, haƙƙin iyali shi ne gaba, iri ba na ci ba ne. Ya yi murmushi ya ce, "To, na ji. Ku shanye furarku kada ta yi tsami."

Sai bayan jana'iza Inna Saude ta buɗe mana rumbun iri. Ba ko zangarniya. Ta ce, "Malam Labbo, ni na daka shi da hannuna. Ina dakawa kuna hana shi."

Jama'a, ashe irin Malam munka sha.

Ɗanmusa, kai nika wa magana. Mun san an samo maka wuri ga motar da za ta kudu ran kasuwa. In ka tafi, zauren ga ya rufe, zaman da ya tsallake yaƙi ya mutu ga hannunmu. In ka zauna, ruwa ya sauka, me za ka zuba ga rami? Ba mu da bakin ce maka zauna, mu munka sha gonarka ta bana.

Amma ƙa'idar zaman ita ce, hukunci bai tabbata sai an sake dubanshi ga zama na gaba. To, ga amsata. Wanga ƙullin da ke hannuna irin gidana ne, rabinshi ke nan, na raba shi jiya gaban iyalina. Bai cika mudu ba. Za ni aje shi bakin rumbun Malam. Duk wanda ya sha furar nan ya san hanyar rumbun, kuma fatawar da ta hana, mu munka yi ta, mu ka warware ta.

Mun gode wa kowa da ya tako cikin wanga hali. Allah ka jiƙan Malam Jibrilla, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu. Ka ba Inna Saude haƙuri, ka zaɓa wa Ɗanmusa abin da ya fi alheri. Ya Allah ka buɗe mana sama, ka sa abin da za mu zuba ga rumbun nan ya tsiro. Amin.