Turancin Kuku da na Jikarsa

A tashar Gumel, ana jiran motar Maigatari ta cika, wani ɗan kasuwa ya ji tsohon da ke gefensa ya tsawata wa direba da Turanci.

"Baba, ashe kana jin Turanci?"

"Ni da na yi wa Di'o kuku har ya koma ƙasarsu? Daga bakin masu shi na ɗauka, ba irin na 'yan firamaren yanzu ba."

"Ai nasu ma Turanci ne."

"An tsinka shi da ruwa. Jikata Laure ta zo hutu daga Sule Tankarkar, na yi mata nawa, wai yanzu ba a faɗin haka."

"To, ka koya mata na asalin mana."

Tsohon ya gyara zaman hularsa.

"In koya mata me? Zo nan, kawo shayi, fita waje. Nawa ke nan."

"Nata fa?"

"Ran da sufeton makarantu ya shiga ajinsu, ita ta ɗaga hannu ta tambaye shi me ya sa ba su da benci. Da Turanci fa, kuma ya tsaya ya ba ta amsa. Duk zamana a gidan Di'o, ban san ana tambaya da shi ba."